Idin Ƙetarewa na Yahudawa

Mu karanta

Yahudawa al'umma ce mai daɗaɗɗen tarihi. Yawansu a duniya ya ɗan wuce miliyan 15. Mafi yawansu suna zaune a Isra'ila da Amurka, saura kuma suna Faransa, da Kanada, da Ingila, da wasu ƙasashe. Babban littafinsu shi ne Attaura, harshen ibadarsu kuwa Ibrananci. Suna da bukukuwa da dama a shekara, amma wanda ya fi tara iyali wuri ɗaya shi ne Fesah. Da Hausa ana ce masa Idin Ƙetarewa. A cikinsa ne suke tuna ranar da kakanninsu suka fita daga bauta a ƙasar Masar.

Idin yana da dokoki masu yawa, na abinci, da na shara, da na karatu. Duk da yawansu, abu ɗaya suke nufi: kada labarin ya ɓace. Attaura ta ɗora wa kowane uba nauyin ya ba ɗansa wannan labari, shi ma ɗan ya ba nasa ɗan.

Labarin fita daga Masar

Ga labarin kamar yadda Attaura ta kawo shi. A zamanin Annabi Yusufu an yi yunwa mai tsanani a ƙasar Kan'ana. Annabi Yakubu, wanda ake kira Isra'ila, ya kwashi ɗiyansa da jikokinsa da dabbobinsu, suka tafi Masar inda akwai hatsi. Aka sauke su a yankin Goshen, suka zauna, suka hayayyafa. Bayan shekaru masu yawa wani sabon Fir'auna ya hau gado, wanda bai san alherin Yusufu ba. Da ya ga baƙin nan sun yi yawa, tsoro ya kama shi, sai ya mai da su bayi. Ya sa su kwaɓa ƙasa, su buga tubali, su gina masa biranen ajiya biyu, Fitom da Ramses. Wannan bai ishe shi ba, ya ba da umurni a jefa duk jariri namiji na Bani Isra'ila cikin kogin Nilu.

A wannan lokaci aka haifi Annabi Musa. Uwarsa ta sa shi cikin kwando, ta aje a kogi, aka tsince shi, ya girma a gidan Fir'auna. Da ya zama babba, Allah ya aike shi wurin Fir'auna don ya saki mutanen. Fir'auna ya ƙi. Maimakon ya sassauta, sai ya hana bayin ramno, ya ce su nemo da kansu, kuma yawan tubalin kada ya ragu ko da ɗaya.

Sai masifu 10 suka sauka kan Masar bi da bi. Ruwa ya zama jini. Kwaɗi suka cika gidaje. Aka yi kwarkwata, da ƙudaje, da ciwon dabbobi, da marurai, da ƙanƙara, da farin ɗango, da duhu na kwana uku. Ta ƙarshe ita ce mutuwar ƴaƴan fari. A daren nan aka umurci kowane gida na Bani Isra'ila ya yanka ɗan rago, ya shafa jinin a madogaran ƙofa. Mutuwa ta shiga gidajen Masarawa, ta ƙetare gidajen da ke da jinin. Daga nan sunan idin ya fito. Fir'auna ya ce su tafi maza. Mata sun riga sun kwaɓa gari, amma babu lokacin jira ya tashi. Suka ɗauki kwaɓin a kafaɗa, suka gasa shi a hanya, ya fito falle-falle, marar kumburi. Daga baya Fir'auna ya bi su da rundunarsa. Teku ta tsage, suka haye, ta rufe a kan masu binsu.

Lokacin idin

Ana fara idin ranar 15 ga watan Nisan, daidai lokacin da wata ya cika. Yakan faɗo a watan Maris ko Afrilu. A wurin Yahudawa kwana yana farawa daga faɗuwar rana, kamar yadda Hausawa ke ce wa maraicen Alhamis daren Juma'a. Don haka idin yana shiga da magaribar ranar 14.

A ƙasar da Bani Isra'ila suka zauna, ruwan sama yana zuba ne a lokacin sanyi. Idan Nisan ya kama, ruwa ya kusa ɗaukewa, ƙasa ta yi kore, sha'ir ya fara nuna. Saboda haka idin na ƴanci ne, kuma na farkon girbi. Attaura ta ce a yi shi kullum a wannan lokaci na shekara.

To, a nan akwai matsala. Watannin Yahudawa suna bin zagayen wata ne, shekarar wata kuwa ta gaza shekarar rana da kwana 11. Shi ya sa azumin Ramadan yake zagayawa, wata shekara cikin sanyi, wata shekara cikin zafi. Don kada idinsu ya zagaya haka, Yahudawa suna ƙara wata na 13 sau 7 a cikin kowane shekara 19.

A Isra'ila idin kwana 7 ne. A sauran ƙasashe mafi yawan jama'a suna yin kwana 8. Dalili shi ne, a zamanin dā a birnin Ƙudus ake tabbatar da ganin wata, sa'an nan a aika manzanni. Waɗanda ke nesa ba sa samun labari da wuri, sai suka ƙara kwana ɗaya don kada su kuskure. Al'adar ta zauna har yau. A kwanakin farko da na ƙarshe ba a zuwa aiki ko kasuwa. A na tsakiya an yarda a yi aikin da ya zama dole.

Dokar hames

Babbar dokar idin ita ce ta hames. Hames shi ne duk abincin da aka yi da garin hatsi iri biyar, wanda ruwa ya taɓa, aka bar shi ya tashi. Hatsin nan su ne alkama, da sha'ir, da wasu iri uku danginsu da ake nomawa a ƙasashen sanyi. Burodi, da taliya, da biskit, da giyar sha'ir duk hames ne. Muddin idin bai ƙare ba, Bayahude ba ya cin hames, ba ya aje shi a gida, ba ya cinikinsa.

A madadinsa ana cin matsa, wato gurasa marar yisti, irin wadda kakanni suka ci a hanya. Gari ne da ruwa kawai. Malamansu sun ƙayyade lokaci: daga zuba ruwa a gari zuwa fitar da gurasar daga tanda kada ya wuce minti 18. A wurin gashi kowa na sauri, wani na kwaɓi, wani na murzawa, wani na huda ƙananan ramuka don kada ta kumbura.

Tun makonni kafin idin ake fara shara. Ana share ɗakuna, a kakkaɓe tabarmi da aljihun riguna da jakunkunan ƴan makaranta. Gidaje da yawa suna da tukwane da farantai na idin kawai. Waɗanda ba su da su sukan tsarkake na ƙarfe da tafasasshen ruwa ko da wuta. A daren jajibiri maigida ya kunna kyandir, ya ɗauki gashin tsuntsu da cokali na itace, ya bi lungu-lungu yana neman ɓarɓashin burodi. A gidaje da dama ana ɓoye gutsattsari 10 da gangan, yara na biye da shi suna taya shi nema. Washegari da hantsi a ƙone abin da aka samu.

Wanda ke da hames mai yawa, kamar mai kanti, ba ya zubarwa. Yakan ba malaminsu, wanda ake kira rabbi, izini ya sayar da shi ga wanda ba Bayahude ba. Bayan idin sai a saye shi a dawo da shi. An yi shekaru da dama wani Balarabe Musulmi na garin Abu Gosh ne yake sayen hames na hukumomin Isra'ila ta wannan hanya.

Shinkafa, da gero, da masara, da wake ba sa cikin hatsin nan biyar. Duk da haka Yahudawan da asalinsu ke tsakiya da gabashin Turai sun daɗe suna barinsu a lokacin idin, don gudun kada su gauraya da alkama. Da yawa daga cikin na ƙasashen Larabawa kuwa suna cinsu.

Akwai kuma dokar taimako. Kafin idin ana tara abin da suke kira kuɗin alkama, a raba wa matalauta, don kowane gida ya samu matsa da abin sha.

Daren Sedar

A daren farko iyali duka suna zama cin abinci na musamman. Sunansa Sedar, ma'anarsa tsari, don komai yana da lokacinsa, mataki 15 daga farko zuwa ƙarshe. A wajen Isra'ila ana yinsa dare biyu a jere. Kowa yana riƙe da littafi mai suna Haggada, wato ba da labari.

A tsakiyar teburi akwai matsa uku a lulluɓe, da babban faranti. Kowane abu a farantin yana da ma'ana:

Ganye mai ɗaci, kamar salati, ko wata saiwa mai yaji da ke sa hawaye. Shi ne ɗacin bauta.

Haroset, wato kwaɓin tuffa ko dabino da kirfa da ruwan inabi. Launinsa kamar na ƙasar gini da bayi suka kwaɓa.

Ɗanyen ganye, wanda ake tsomawa cikin ruwan gishiri. Ganyen sabon tsiro ne, ruwan gishirin kuwa hawaye ne.

Gasasshen ƙashi, don tuna ragon da ake yankawa a dā.

Gasasshen ƙwai, don tuna hadayar idi da ake kaiwa Haikali a birnin Ƙudus.

Kowa yana shan kofi huɗu na ruwan inabi, don alkawura huɗu na ceto da Allah ya yi wa Bani Isra'ila. Manya da yawa suna shan mai barasa, yara kuwa marar barasa. Ana sha ana kishingiɗe a gefen hagu. A zamanin dā ƴaƴa ne ke cin abinci a kishingiɗe, bawa kuwa yana tsaye yana hidima. A wannan dare kowa ɗa ne. Tun da farko maigida yakan ɗaga matsa, ya ce wannan ce gurasar wahala, ya gayyaci duk mai jin yunwa ya shigo ya ci.

Yara ke tambaya

Ba maigida ke buɗe labarin ba. Ƙaramin yaron da ya iya magana shi ke tashi, ya yi tambayoyi huɗu da waƙa. Yana so ya san dalilin da ya sa daren ya bambanta da sauran darare: don me ake cin matsa kaɗai, don me ake cin ganye mai ɗaci, don me ake tsoma abinci sau biyu, don me kowa ya kishingiɗa. Yara sukan yi makonni suna koyon wannan waƙa a makaranta. Sai manya su amsa da labarin, tun daga bauta har zuwa fita. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Malaman Yahudawa ma sun ce an shirya abubuwa da yawa na daren ne don yaro ya yi mamaki, ya tambaya. Har sun ce idan mutum shi kaɗai ne a gida, to ya tambayi kansa.

Haggada ta kawo misalin yara huɗu. Akwai mai hikima, wanda ke son sanin kowace doka. Akwai mai taurin kai, wanda ke tambaya kamar abin bai shafe shi ba. Akwai mai sauƙin kai, wanda ke tambaya a taƙaice. Akwai kuma wanda bai ma iya tambaya ba, shi uba ne ke fara yi masa magana. Kowane ɗaya da irin amsar da ta dace da shi.

Idan aka zo kan masifu 10, kowa yakan ɗiga ɗigo ɗaya daga kofinsa a kan kowace masifa. Malamai da yawa suna bayyana shi haka: Masarawa ma mutane ne, kuma murnar da aka samu ta hanyar wahalar wasu ba ta cika kofi.

Akwai wasa kuma don kada barci ya kwashe yara. Maigida yakan karya matsa ta tsakiya biyu, ya ɓoye babban ɓangaren. Sunansa afikoman. Bayan an ci abinci yara su bazu nemansa. Wanda ya samu ba ya bayarwa sai an yi masa alkawarin kyauta, don ba a rufe Sedar sai an ci shi, kuma ba a cin komai bayansa. Kusa da ƙarshe ana cika kofi ɗaya da ba mai sha, na Annabi Iliyasu, a aiki yaro ya buɗe ƙofa. Yahudawa sun yi imani shi ne zai zo da albishirin ceto na ƙarshe. Sai a karanta Zabura, a yi waƙoƙi, a rufe da fatan baɗi a yi idin a birnin Ƙudus.

Kowace ƙasa da al'adarta

Dokokin ɗaya ne, amma al'adu sun bambanta. A wasu gidajen Yahudawan Siriya da Iraƙi, mutum yakan ƙulle matsa a ƙyalle, ya saɓa a kafaɗa kamar matafiyi. A tambaye shi daga ina ya fito, ya ce Masar. A tambaye shi ina za shi, ya ce Ƙudus. Yahudawan Iran sukan bubbugi juna da ganyen albasa cikin raha, don tuna bulalar masu tsaron bayi. A dā, na Habasha a ƙauyukansu sukan fasa tsofaffin tukwanen ƙasa, mata su gina sababbi don idin.

Yahudawan Maroko suna da buki mai suna Mimuna, a daren da idin ya ƙare. A dā a Maroko, tun da babu gari a gidajensu, maƙwabtansu Musulmi ne suke kawo musu gari da man shanu da zuma. Sai a toya fanke, a bar ƙofa a buɗe, kowa ya shigo ya ci.

Idin a lokacin wahala

A zamanin dā mutane sukan taru a birnin Ƙudus, kowane iyali ya yanka ragonsa a Haikali. A shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa, Rumawa suka rushe Haikalin, yankan ya tsaya. Malamai suka mai da idin cikin gida, a kan teburin cin abinci. Wajen shekara ta 200 aka rubuta tsarin daren a littafin dokoki mai suna Mishna. Ta haka idin ya iya bin Yahudawa duk inda suka watsu, don ba ya bukatar komai sai iyali, da matsa, da mai ba da labari.

Wata Haggada mai zane-zane da aka rubuta a ƙasar Sifen wajen shekara ta 1350 ta nuna haka. An kori Yahudawa daga Sifen a 1492, littafin ya fita tare da su, har ya isa birnin Sarayebo na ƙasar Bosniya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Jamus suka zo nemansa. Wani Musulmi mai kula da littattafai, Darwish Korkut, ya fitar da shi a ɓoye, aka adana shi a wani ƙauye cikin duwatsu har yaƙi ya ƙare. Yana nan a gidan tarihi na Sarayebo.

A wannan yaƙi gwamnatin Hitila ta kashe Yahudawa kusan miliyan 6. A birnin Warso na ƙasar Polan an tsare su cikin unguwa mai katanga. Ranar 19 ga Afrilu 1943, jajibirin Idin Ƙetarewa, sojoji suka shiga don kwashe waɗanda suka rage. Samari da ƴan mata ƴan ɗaruruwa, da ƙananan makamai, suka tare su, suka yi kusan wata guda suna faɗa kafin a ci ƙarfinsu.

Abin da idin ke koyarwa

Haggada ta ce wajibi ne kowane mutum, a kowane zamani, ya ɗauki kansa kamar shi ne ya fita daga Masar. Shi ya sa ba a tsaya ga karatu kawai ba. Ana ɗanɗana ɗacin a baki, ana cin gurasar gaggawa, ana kishingiɗa kamar ƴaƴa.

Attaura ta kuma ɗaura wannan tunawa da halin yau da kullum. Sau da yawa ta hana a cuci baƙo, ta ce Bani Isra'ila sun san zuciyar baƙo, don su ma baƙi ne a Masar. Ta ce bara da baiwa su huta ranar Asabar kamar maigida. Ta ce a bar wa maraya da gwauruwa da baƙo kalar hatsi a gona. Dalilin da ta sha bayarwa shi ne: su tuna su ma sun sha bauta a Masar.

Mu gane kalmomi

Ramno: yankakkiyar ciyawa da ake haɗawa da ƙasar gini.
Jajibiri: ranar da ta gabaci idi.
Hames: abincin gari da ya tashi, wanda aka hana a idin.
Matsa: gurasa marar yisti.
Haikali: babban ɗakin ibada na Yahudawa a birnin Ƙudus a zamanin dā.
Da Faransanci ana ce wa idin Yahudawa la Pâque, na Kirista kuwa Pâques. Kalmomin biyu daga Fesah suka fito.

Mu amsa tambayoyi

1. Me ya kai Bani Isra'ila Masar, kuma me ya sa aka mai da su bayi?
2. Daga ina sunan Idin Ƙetarewa ya fito?
3. Don me Yahudawa ke ƙara wata na 13 a wasu shekaru?
4. Mene ne bambancin hames da matsa?
5. Ku faɗi abubuwa uku na farantin Sedar da ma'anarsu.
6. Wa ke fara tambaya a daren Sedar? Don me?
7. Me ya sa ake ɗiga ruwan inabi idan an ambaci masifu 10?
8. Wane taimako Musulmi suka yi wa Yahudawa a Maroko da Sarayebo?

Aiki

A kan taswira ku nemo Masar, da kogin Nilu, da Maroko, da Habasha, da Polan. Idan kun koma gida, kowa ya roƙi wani tsoho ya ba shi labarin wata wahala da kakanni suka sha, kamar yunwa, ko fari, ko aikin dole. Ku rubuta shi cikin layi 10, ku karanta wa aji.